Akwatunan Orville

Orville Tollefson mijin yayata Lavonne ne. Shekara talatin ya yi yana gyaran injin tatsar madara a gonakin yankinmu na yammacin jihar Wisconsin ta Amurka, amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi ne da akwatunan 'yan shuɗi, tsuntsayen nan masu shuɗin baya da jan ƙirji da ke dawo mana in ƙanƙara ta narke.

Akwati arba'in da biyu gare shi a jikin turakun shinge, tun daga bayan garke har gangaren rafi. Duk shi ya ƙera su, kuma fasalin nasa ne: ciki ba zurfi, ƙofa inci ɗaya da rabi, da wata 'yar tsaga a ƙarƙashin rufi don haske ya shiga. Ya ce 'yan gwara ba sa son ɗaki matsattse mai haske. Wanda bai taɓa ganin aikin gwara ba ba zai gane dalilin wannan wahala ba. Namijin yakan tsare uwar shuɗi a kan ƙwanta, ya saccake mata kai har ta mutu, ya gina sheƙarsa a kan gawar.

A akwatunan Orville kuwa hakan bai taɓa faruwa ba. Mutane suka riƙa zuwa daga nesa suna kwafar zanensa. Nakan tsokane shi in ce, "Maigidan tsuntsaye, da ka san gyaran famfon kicin kamar yadda ka san huda katako, da yayata ta huta." Yakan ce in je in nemi nawa mijin in dama masa lissafi.

Abu ɗaya ne ba ya yi, shi ne kisa. Yana saurayi ya yi shekara shida a mayankar aladu, ranar da ya fito ya rantse ya gama. Ko ɓera ya gani a rumbu sai dai ya kira Lavonne.

A watan Fabrairun bara ɓarin jikin Lavonne na dama ya shanye. Ta dawo daga asibiti a keken guragu, magana sai kalma ɗaya ɗaya, ita ma da ƙyar. Na koma gidan don in taimaka.

Ranar goma ga Mayu Orville ya shigo kicin da hularsa a hannu, a ciki akwai gawar uwar shuɗi, kanta ba gashi. Ya ce tsautsayi ne, wataƙila rufin akwatin ya tsage. Kafin sati ya ƙare ya sami wasu huɗu. A akwati na sha tara 'ya'ya biyar ne, an jefo su ƙasa, tururuwa ta rufe su.

Daga nan ya tare a shagonsa na aikin katako. Ya toshe ƙofofin akwatunan, ya yanka tsaga mai faɗi a madadinsu, gwara suka shiga. Ya rage zurfin ciki har ƙwai na neman gangarowa, suka shiga. Ya yi wasu da bututun roba fari. Ya ɗaura zaren kamun kifi a gefen ƙofa, ya rataya tarkacen leda mai ƙyalli a kan rufi tana kaɗawa. Kowace dabara takan yi kwana uku ko huɗu, sannan ya buɗe akwati ya tarar da tulin ciyawa da gashin kaza da ƙwai masu ɗigo-ɗigo. Ya cire sheƙar ya zubar, gwaran ya huce haushinsa a akwatin da ke kusa. Orville ya daina aski. Yakan tura kofi gefe ya yi ta zane a bayan ambulan, yana gogewa har takardar ta huje. Ya yanke ɗan yatsa da zarto, ya naɗe da tsumma ya ci gaba.

Wata safiya muna karyawa ya ce laifin katakon ne, na yanzu ba irin na da ba ne. Lavonne ta buga cokali a tebur da hannun hagu. Ta daɗe tana kokawa da bakinta kafin ta ce, "Ni ce."

Ya tambaye ta ita ce me. Ta nuna mini ƙasan kabad ɗin wanki. Na jawo wani bokitin fenti, a ciki akwai tarkuna shida na waya, irin waɗanda ake maƙalawa a cikin akwati, da buhun raga, da safar hannu ta fata duk ta yi baƙi.

Ni na ƙarasa masa bayanin, don ni na sani tun tuni. Duk shekarun nan, da ya fita aiki da safe, sai ta bi layin shingen da bokitinta. Gwara ɗari da wani abu take kashewa kowace shekara. Ta sa ni na yi mata alkawarin ba zan faɗa ba.

Orville ya dubi tarkunan, ya dube ta. Ya ce, "Mutum nawa na ba zanen nan, Lavonne? Na ce musu su kafa su tafi su yi barcinsu."

 Hawaye kawai suka zubo mata, a ido ɗaya.

Kwana tara bai yi mata magana ba, ko da yake shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta abinci a baki. Ni ma ko kallo ban ishe shi ba. A rana ta goma ya ɗauki tarko ɗaya ya fita. Na hango shi ta taga wajen akwati na uku, gwara na fafutuka a cikin buhun raga, shi kuma yana durƙushe a ciyawa. Ya fi rabin awa a haka. Da na je na ce ya ba ni in yi, ya ce a'a, ba zai sake barin wata mace ta yi masa wannan aikin ba. Ya ɗaga buhun zai buga da ƙasa, ya sauke. Daga ƙarshe ya kwance bakin buhun, gwaran ya tashi ya sauka a kan rufin garke.

Washegari ya ɗauki guduma ya bi layin. Ya cire akwati talatin da shida, ya tara su a bayan shago. Shida da suka rage ya kai su can ƙarshen makiyaya, nesa da garke da hatsin kaji, inda gwara ba su cika zuwa ba. Biyu daga ciki suka samu 'yan shuɗi. Ɗaya ta fitar da 'ya'ya uku a Yuli. Ɗayar, gwara suka same ta duk da nisan.

Sauran watannin zafi ya ƙare su ne a teburin kicin yana rubuta wasiƙu da hannu ga duk wanda ya tuna ya ba zane. Ya gaya musu akwatin ba ya hana komai, wanda ba zai iya duba shi kullum ba gara ya sauke. Lavonne ce ke manna kan sarki da hannun hagu, a karkace. Wasu sun amsa, yawanci ba su amsa ba. Wani mutum daga jihar Iowa ya rubuto cewa shekara takwas yana zaton shi ne bai iya auna ƙofar daidai ba.

Bana ma ya kafa shidan. Ƙafarsa ba ta kai shi can kullum, don haka ni nake tuƙa shi a tsohuwar motar gona. Kafin ya buɗe kowane akwati yakan tsaya ya kasa kunne tukuna.