Miyar da Ta Zaga Gidanmu

Ƙamshin albasar da ta ɗan wuce soyuwa, gefenta ya fara baƙi amma ba ta kai ga ƙonewa ba, shi nake fara tunawa game da yammacin wannan Juma'ar. Albasata kullum haka take fitowa, domin da na zuba ta a mai sai hankalina ya tafi yawo. Ranar tattabarun da ke kan rufin masallacin unguwa nake kallo, ina tunanin ko su ma suna jin kunyar maƙwabtansu.

Lokacin muna zaune a wani gidan haya a Nima, ƙofofi tara suna kallon tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Ina koyarwa a wata firamare a Kanda. Maigidana yana gyaran waya a Circle, ya fita da sassafe sai bayan magariba. 'Ya'yanmu uku: 'yan biyu, mace da namiji, masu shekara biyar, sai autansu da ke rarrafe yana cin duk abin da ƙasa ta ba shi. In na tashi daga aiki na ɗauko su, mu matsu a trotro, motar haya, mu iso gida kowa yana kuka, wata rana har da ni.

Abinci ɗaya na iya dafawa ba tare da gabana ya faɗi ba, shi ne shinkafar mai, wadda mutanen Accra ke kira angwamo. Mahaifiyata 'yar kasuwa ce, da kokon bakin titi da waakyen saye, wato shinkafa da wake, ta raine mu, ni kuma na girma hancina a cikin littafi. Angwamo ba ta neman ilimi. Ki soya albasa a mai, ki kwashe rabi ki ajiye, ki zuba wankakkiyar shinkafa ta sha man, ki sa ruwa da gishiri, ki rufe. Kafin ta tsotse kin niƙa tumatir da albasa da ɗan barkono a asanka, kaskon niƙanmu na ƙasa, kin soya ƙwai uku. Rabin awa ke nan. Ranar da aka ga dama a buɗe gwangwanin kifi. Yarana ba sa son komai a duniya sai ita. In aka kawo musu miyar ayoyo sai namijin ya ɗaga cokali sama ya ce miyar tana mura.

Matsalata ita ce kwano. A zongo, in maƙwabciya ta aiko miki da abinci, kwanonta ba ya komawa wayam. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, amma ko yarinya 'yar shekara shida ta san shi. Kuma abin da kika zuba a ciki shi ne ke. Da shi za a san ko uwarki ta koya miki riƙe muciya.

Mata biyu ne suke aiko mini duk Juma'a da yamma. Ta farko Hajiya, mai gidan, tsohuwa ce da iyayenta suka zo daga Nijar. Da ƙuruciyarta ta sayar da abinci a tashar mota, har yanzu tsofaffin direbobi in sun gan ta sai sun yi maganar miyarta. Kwanonta fari ne mai jan baki, kullum miyar gyaɗa ce a ciki da naman rago, mai ya taso a sama ja-jawur kamar rana za ta faɗi. Ta biyu Anti, mutuniyar Tamale, mai sayar da hatsi a kasuwar Nima, ɗakinta yana manne da na Hajiya a can ƙarshen gida inda suke da ɗan fili ta baya nasu su biyu. Ita kwanonta shuɗi ne, tuwon zafi ne a ciki a ƙulle a leda, da miyar ayoyo a ƙaramin mazubi.

Juma'ar farko na tsaya a gaban kwanukan nan biyu na rasa yadda zan yi. In zuba wa Hajiya angwamo? Matar da direbobin Kumasi ke kwana da sunan miyarta? Angwamo abincin ɗalibai ne da gwauraye, abin da ake dafawa in gida ba komai. Ina tsaye ina ta kallon farin kwano da shuɗin kwano, sai dabara ta sauko mini a hankali kamar wahayi. Na ɗauko roba ta uku. Na juye miyar Hajiya a roba, na wanke kwanonta, na sa tuwon Anti a ciki. Na wanke kwanon Anti, na juye miyar Hajiya a ciki. Na rufe, na goge, na kira 'yan biyu.

"Fari na Hajiya, shuɗi na Anti. Ku ce Mma ta ce an gode, ga ɗan abin da ta taɓa."

Ban yi ƙarya ba. Na taɓa.

Wata biyar muka yi a haka. Hajiya ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Ɗiyata, ashe kin iya tuwon mutanen arewa haka? Ba ko gudaji." Na sunkuyar da kai na ce Allah ne ya iya. Anti kuwa in mun haɗu sai ta dube ni ta yi wani irin murmushi ta ce, "Maman 'yan biyu, miyan nan naki, hmm." Ba ta taɓa ƙarasawa ba. Ni na ɗauka daɗi ne ya hana ta magana. 'Yan biyu, da ba sa ɗaukar ko tsintsiya sai an yi dambe, ranar Juma'a tun kafin a kira su suke tsaye a ƙofa suna jiran aike. Su dawo bakinsu yana sheƙi. Na ce a raina maƙwabta suna ba su ɗan abin taɓawa, har na yi alfaharin yarana masu farin jini ne.

Maigidana ya san komai. Ya ce, "Ke, wannan ba girki ba ne, tashar Circle kika buɗe. Wannan mota ta sauke, waccan ta ɗauka." Na ce masa in yana da abin da ya fi wannan ya kawo. Ya ce shi dai a bar masa ƙanzo.

To, ranar da albasa ta wuce soyuwa. Kwanuka sun iso, na juye su yadda na saba, na ɗora mai, na tsaya kallon tattabaru. Sai na ji ƙara a bayana. Auta ne ya jawo bokitin ruwan wanke shinkafa ya kife shi a kansa, yana zaune a tsakiyar tafki yana lasar hannu, da farin ciki a fuskarsa. Na sure shi, na canja masa riga, na goge ƙasa, na dawo na ceci albasa, na zuba shinkafa. Da na juyo na ga kwanuka biyu a kan benci, sai na ce, kai, ban ma juye ba ga shi magariba na ƙaratowa. Na ɗauko roba. Na juye, na wanke, na juye, cikin natsuwa, ina 'yar waƙata. Ko kaɗan ban kula da cewa kowane abinci ya koma kwanon da ya zo a ciki ba.

'Yan biyu suka tafi. Shinkafa ta tsotse, na niƙa barkono, na fasa ƙwai. Ina cikin zuba musu a tire sai na ji takun silifas da sanda suna ratso tsakar gida. Hajiya ba ta zuwa ƙofar kowa. Kowa ne ke zuwa tata. Ga ta nan tafe da farin kwano a hannu, murfin a buɗe, kuma tun daga nesa na hango jan mai yana lilo a ciki. Matan da ke layin famfo suka daina hira. Can ƙarshen gida Anti ta fito ƙofarta da shuɗin kwano, ta jingina da bango kamar mai jiran a fara fim.

"Salamu alaikum. Ɗiyata, wannan miyar daga ɗakin nan ta fito?"

"Wa alaikumus salam, Hajiya. E... daga nan ta fito."

"To, zo nan." Ta tsoma yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska. "Tuwo kin iya, ban hana ki ba. Amma miyar gyaɗa ba a yi mata gaggawa. Gishiri ya yi yawa. Citta ta yi yawa. Kuma ina nama? Na laluba har ƙasa, ƙashi ɗaya na samu, shi ma an riga ni."

Mace tana tsaye a ƙofata tana kushe miyar da ta aiko mini ko awa ɗaya ba a yi ba.

Daga can Anti ta ɗaga murya. "Hajiya, ni ban ga laifin gishirin ba o."

"Ke kin ɗanɗana ne?"

"A'a. Daga nan nake ji. Gishiri ya yi daidai."

"In ban san miya ba, me na sani?" Hajiya ta juyo kaina. "Nuna mini tukunyar. In akwai saura mu ƙara ruwa da tumatir mu gyara, kada mijinki ya dawo ya sha wannan."

Kafin in samu abin cewa ta wuce ni ta shiga. Tukunya ɗaya ce a kan wuta. Ta ɗaga murfi, shinkafa. Ta duba ƙarƙashin benci, ta duba bayan ƙofa, har ta leƙa bahon wankan auta. Macen cikin 'yan biyu, da ke zaune a gaban tire da ƙwai a hannu, ta ji tausayin tsohuwa tana wahala.

"Hajiya, Mma ba ta dafa miya. Juyewa take yi."

"Yau sau biyu ta juye," in ji ɗan'uwanta. "Mun gani."

Na faɗi komai. Na faɗa ina kallon ƙasa, tun daga Juma'ar farko har zuwa tattabaru. Na ce tuwon da take yabo na Anti ne, miyar da ke hannunta kuwa tata ce, ita ta aiko da ita ɗazu. Na ce abin da na iya ke nan a tukunya, kuma kunya ce ta hana ni zuba mata shi.

Hajiya ta dubi kwanon hannunta. Ta leƙa waje ta dubi Anti. Sannan ta gyara mayafi ta ce, "To. Yau hannuna ya zarce da gishiri." Anti ta kama tari har sai da ta shiga ɗaki.

Na zaci za ta tafi, gobe kuma labari ya kai har unguwar Maamobi. Sai ta jingina sanda ta zauna a kan tabarma kusa da yaran, da ƙyar, tana kiran sunan Allah a kowace gwiwa. Ta ce a ba ta ruwa ta wanke hannu. Ta ɗebi shinkafa daga tiren, ta dangwala barkono, ta kai baki. Ta ƙara. Ta karɓe rabin ƙwan namijin ba tare da ta tambaye shi ba. Auta ya rarrafo ya kama ƙafarta yana ƙoƙarin cin carbinta.

"Wa ya ce ki bar albasar ta yi duhu haka?"

"Ba kowa, Hajiya. Mantawa nake yi."

"Ki ci gaba da mantawa." Ta suɗe yatsa. "Wata biyar kina da wannan a ɗaki, kina aiko mini da tuwon da ke kwana a ƙirjina. Akwai ƙanzo?"

Akwai. Na maigidana ne. Na kankaro mata shi duka.

Da za ta tashi ta miƙo mini farin kwano ta ce in juye miyar a wani wuri, tunda na ƙware, in zuba mata shinkafa ta tafi da ita. A tsakar gida ta tsaya gaban matan famfo ta ce, "Me kuke kallo? Yarinya ta yi angwamo, ku je ku koya." Daga ranar, duk Juma'a babbar tukunya nake ɗorawa. Farin kwano da shuɗi suna komawa da shinkafar mai da ƙwai ɗaya ɗaya a sama, ni kuma na koyi cin tuwo da ayoyo ni kaɗai bayan yara sun ƙoshi. Maigidana ya daɗe yana cewa an rufe tasha an kuma cinye masa ƙanzo.

Shekara shida bayan haka, mun riga mun koma New Town, na je bikin 'yar Anti. Muna zaune a filin da ke bayan ɗakinta muna yanka albasa buhu guda, idonmu na ruwa, sai na tuna mata da ranar. Ta ajiye wuƙa ta yi dariya har ta kwanta a kafaɗata. A nan ta gaya mini Hajiya ta daina hura wuta tun kafin mu tare a gidan, saboda gwiwa. Miyar gyaɗar nan Anti ce ke dafa ta, ta miƙa wa Hajiya ta ƙofar baya. Hajiya gyaɗa ba ta karɓar cikinta, ba ta ko ɗanɗanawa, sai ta juye a farin kwano ta aiko mini. Ni in juye in aika wa Anti. Tuwon da nake aika wa Hajiya kuma, shi take zubawa a mazubin Anti ta mayar mata, don kada ya koma wayam. Wata biyar abincin Anti yana fita da zafi ya zaga gida ya dawo mata da sanyi, tuwo da miya, ba abin da ya ɓace sai nama. Ta ce da ta gane inda naman ke tsayawa, sai ta riƙa sa yanka huɗu, kowane ɗan biyu ya samu biyu.