Ranar da Murja Ta Kulle Ɗakin Kati

A Gafasa aka haifi Murja, a gidan manoma da babu wanda ya wuce firamare kafin ita. Mahaifinta gero da gyaɗa yake nomawa, da rani kuma ya gyara wa mutane injin niƙa da na ban-ruwa. Ita ce mai miƙa masa kayan aiki. Ba ta koyi gyara ba, amma ta ga yadda yake yi: kafin ya kwance inji sai ya tsaya shiru ya saurare shi tukuna. Sau biyu baffanninta suna cewa karatunta ya isa haka, a bar ta ta taimaka a gida, sau biyu tana ɗaukar akwatinta ta koma makaranta ba tare da ta yi wa kowa musu ba. Haka ta gama sakandare.

Aure ne ya kawo ta Gaya, gidan Malam Bala, malamin firamare, mutum mai sanyin hali. Ta koyi buga takarda a wani shago kusa da tasha. Da ƙungiyar 'yan asalin yankin ta gina ƙaramin asibiti na mata da yara a bayan gari, sai aka ɗauke ta aiki a ɗakin kati. Shekararta goma sha shida ke nan a wannan ɗaki.

A wata damina rufin ɗakin ya yi yoyo, gara kuma ta biyo danshi ta shiga katunan. Cikin kwanakin aka kawo wata mata daga ƙauyen Balan tana naƙuda, jini na zuba. Murja ta zaro katinta, ya ɓare a hannunta kamar tsohon ganye. Sai da aka sake gwada rukunin jininta kafin a nemo mai ba ta, matar kuwa ta sha da kyar. Tun daga ranar Murja ba ta ɗaukar kati a matsayin takarda kawai.

Bayan shekara biyu ƙungiya ta kawo kwamfutoci. Wani kamfani daga Kano ya kafa babbar kwamfuta a lungun ɗakinta, cikin akwatin ƙarfe, wadda ake kira saba. A cikinta ake ajiye bayanan kowa, sauran kwamfutocin asibitin daga gare ta suke ɗauka. Murja ta yi wata biyar tana shigar da katuna fiye da dubu tara, ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama aka ƙone tsofaffin, wai ana bukatar wurin don ajiye magani. Ta ce a bari, ba wanda ya saurare ta. Injiniyan kamfanin, wani saurayi mai suna Musbahu, ya yi mata horo na kwana uku, ya bar mata lambar sirri da takarda guda mai ɗauke da 'yan umarnin da za ta iya bugawa idan wani abu ya taso.

A bazarar shekara ta huɗu ne abin ya taso. Katin da a da yake buɗewa kafin mutum ya ɗauke yatsa, yanzu sai a yi ta jira, mai ciki na tsaye a taga tana fifita da gyale. Wata safiya kafin mutane su taru, Murja na share tebur, ta ji wani sauti daga akwatin: ƙas, ƙas, shiru, sai kuma ƙas. Ta durƙusa ta ɗora kunne a jikin ƙarfen. Shekara huɗu tana zaune da wannan na'ura, ta san gurnaninta, wannan kuwa baƙo ne.

Ta kira Musbahu.

"Hajiya, netwok ne," ya ce. "Daga nan ina ganin sabarku, komai kore ne. Ki kashe ki kunna."

Ta kashe ta kunna, ba abin da ya canja. Sai ta ce bari ta bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a gaban sabar kanta, inda babu ruwan netwok, ta buɗe katuna: jinkirin na nan. Ta yi zargin zafi, ta ɗauko fankar ɗakinta daga gida ta saita ta a bakin akwatin. Zafin ya sauka, ƙas-ƙas bai daina ba. Ta yi zargin wuta, ta sa mai gyaran sola ya auna inbata, na'urar da ke ba kwamfutocin wuta, ya ce lafiyarta ƙalau. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne, ba kowane kati ke maƙalewa ba. Wasu ne, kuma kullum su ɗin ne dai.

Ta nemo takardar da Musbahu ya bar mata, ta buga umarnin da ke duba lafiyar faifan ajiya, wanda masu sana'ar ke kira had-dis. Rubutu ya cika fuskar kwamfuta. Layin farko ya ce faifan ya ci gwaji. Amma can ƙasa akwai layin da ta tuna Musbahu da kansa ya nuna mata ranar horo, mai ƙirga wuraren da suka lalace a jikin faifan har ya kauce musu. Ya ce mata a lokacin, lambar nan ko ta zama sifili, ko ta tsaya inda take. Ranar Litinin ta ga takwas. Ta rubuta a jikin kalanda. Ranar Alhamis ashirin da huɗu. Litinin ta zagayo, sittin da ɗaya.

Ta ɗauki hoto ta tura masa.

"Hajiya, ai kin ga layin farko," ya ce. "Faifai yakan yi shekara da irin wannan. Ina wani aiki a nesa, nan da mako biyu zan leƙo. Kuma ko da wani abu ya faru, akwai ƙaramin faifan da ke kwafar komai kullum."

Da ta ajiye wayar sai ta duba ƙaramin faifan. Kwafi na ƙarshe da ke ciki na watan Janairu ne. Ya cika tun lokacin, ya daina karɓa, babu wanda ya sani.

Ta tafi ofishin manajan asibitin, Malam Abdullateef, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, mai ganin duk abin da ba a rubuce yake ba bai faru ba. Ta yi masa bayani, ta ce tana so a ba ta yini ɗaya a dakatar da amfani da kwamfuta, ta kwashe bayanan zuwa wani faifan.

"Malama Murja, ke injiniya ce?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To injiniyan ya ce lafiya lau. Yarjejeniya kuma ta ce duk wanda ya taɓa na'urar ba da izininsu ba, sun cire hannunsu. Sannan ranar Alhamis shugabannin ƙungiya za su zo ganin yadda ake aiki da kwamfuta ranar awo. Ki bari su zo su tafi."

"Idan ta kai Alhamis ɗin."

"Za ta kai. Ki koma bakin aikinki."

A hanyar komawa ta ci karo da Sista Hanne, babbar ungozoma, wadda ta girme ta da shekara goma. Ta nuna mata lambobin. Hanne ba ta san kwamfuta ba, amma ta daɗe tana duban lambobi masu hawa.

"Mata nawa ne suke zuwar mini suna cewa lafiyarsu lau, jininsu kuwa kullum sama yake yi?" ta ce. "Ni dai ba na sallamar irinsu."

Da yamma Murja ta biya ta shagon Badaru mai hoto, abokin mijinta, ta ari faifan ajiya babu komai a ciki. Ta gaya wa Malam Bala abin da take shirin yi, da abin da zai iya biyo baya. Ya tambaye ta ko ta tabbata.

"Ban tabbata zai mutu ba," ta ce. "Na tabbata dai idan ya mutu ba mu da komai."

Ranar Alhamis Murja ta iso da sassafe. Ta buga umarnin: ɗari da casa'in. Ta tsaya tana kallon lambar. Sai ta zare wayar da ke haɗa sabar da sauran kwamfutoci, ta jona faifan Badaru, ta fara kwashe bayanan kashi-kashi, masu ciki tukuna, sannan masu sikila, sannan yaran rigakafi. Ta fitar da tebur baranda, ta ɗora fararen takardu da biro, ta kulle ɗakin katin, ta ɗaure mukullin a bakin zaninta.

Ba a yi minti ashirin ba Malam Abdullateef ya iso da sauri, babbar rigarsa na jan ƙasa.

"Buɗe ɗakin nan."

"Ranka ya daɗe, ba zan buɗe ba sai na'urar ta gama kwafi."

"Umarni nake ba ki."

"Na ji. Ka rubuta ni, ka kore ni, duk ikonka ne. Amma hannuna ne ya shigar da katunan nan, na kuma ga ranar da aka ƙone na takarda. Yau ba mai taɓa na'urar nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Manaja ya juya ya ce a kira kafinta ya ɓalle ƙofar. Sista Hanne ta fito daga ɗakin awo, ta jawo kujera ta zauna daidai bakin ƙofar, ta ce a nan za ta auna jinin mata yau, ɗakinta ya yi zafi. Kafinta ya zo, ya dubi Hanne, wadda ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa uku, ya gaishe ta, ya koma.

Shugabannin ƙungiya suka iso da hantsi, suka tarar ana rubuta sunayen mata da biro a baranda. Manaja ya shigar da su ofis ya rufe ƙofa. Murja ba ta san abin da ya faɗa musu ba, ba ta kuma tambaya ba. Duk bayan mace goma sai ta buɗe ɗakin ta leƙa. Wani lokaci kwafin ya yi ta gudu, wani lokaci ya tsaya cik, faifan na ƙas-ƙas, ita kuma tana tsaye tana salati a zuci har ya tsallake ya ci gaba. Sai bayan la'asar ya gama. Katuna goma sha ɗaya suka ƙi karantuwa, sunayen masu su kawai suka rage. Ta kai faifan ta damƙa wa Hanne, aka kulle shi a durowar magunguna.

Washegari aka miƙa mata takardar dakatarwa ta mako biyu, saboda rashin biyayya. An ce idan ta rubuta takardar ban-haƙuri za a janye. Ta karanta, ta sa hannu cewa ta karɓa, ta ce ba ta da abin rubutawa.

Ba ta zauna a gida ba. Mutum goma sha ɗayan nan duk ta san su ko ta san danginsu, kuma kowa na da ɗan katin hannu da ake ba shi ya tafi da shi gida. Ruwan farko ya sauka a makon, mutane sun fita shuka. Malam Bala yakan ɗauke ta a babur bayan an tashi makaranta, ranar da ba shi da hali ta hau acaɓa. Ta je Kademi, ta je Balan, sau biyu ta je Gafasa. Wata ta same ta a gona, wata sai da aka zazzage kwalla uku kafin a ga katin a naɗe cikin leda. Wata uwar yaro mai sikila ta ɓatar da nata, amma ta haddace magungunan ɗanta da ranakun da aka ƙara masa jini, ta zauna a kan turmi tana faɗa, Murja na rubutawa. Tara ta samo. Ɗaya ta bi mijinta kudu, ɗaya kuwa Allah ya yi mata rasuwa tun bara.

Musbahu ya zo tana cikin dakatarwa. Hanne ce ta ba ta labari: ya yi gwaji mai tsawo, gwajin ya tsaya a tsakiya ya kasa ƙarasawa, ya daɗe yana kallon kalandar da ta rubuta lambobi a kai, sannan ya nemi faifan da ke durowa. Ya sa sabon faifai, ya mayar da bayanan daga kwafinta. Da yamma ya kira ta.

"Hajiya, da na ga hoton da kika turo ya kamata in taho," ya ce. "Amma gaskiya ba wanda zai iya cewa ga ranar da zai tsaya. Wataƙila da ya kai wata guda."

"Wataƙila," ta ce. "Injiniya, idan ka sake zuwa ka nuna mini yadda ake share tsofaffin kwafi, kada ƙaramin ya sake cika."

Malam Abdullateef bai taɓa tayar da maganar ba, takardar dakatarwar kuma tana cikin fayil ɗinta har yau. Da aka zo ƙarin girma a ƙarshen shekara, an tsallake ta. Hanne ta so ta kai ƙara gaban ƙungiya, Murja ta hana ta, ta ce abin da aka rubuta gaskiya ne, ta ƙi bin umarni, kuma da za a maimaita ranar haka za ta sake yi.

Ranar da ta koma aiki, Litinin ce, layi ya kai bakin ƙofar asibiti. Ta shigar da katuna taran kafin ta buɗe taga, sannan ta ɗaga labule ta kira mace ta farko.