Faifan Tsohon Mahaucin Maamobi

A shekarar da aka canza kuɗin Gana aka zubar da sifili, wadda kuma ruwan madatsar Akosombo mai ba da lantarki ya ja baya har ake raba mana wuta unguwa-unguwa, ina zama a shagon wani abokina a unguwar Nima. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna da mauludi, ya zuba a faifai. Nawa aikin kaɗan ne. Dattawan zango da yawa ba sa karanta boko, saboda haka ni nake rubuta musu sunan abin da ke ciki da ajami a bayan faifan.

Abokin nan nawa daga Nijar ya zo yana saurayi, bai san kowa ba. Wani mahauci a unguwar Maamobi ne ya sauke shi ya ba shi ɗaki, matarsa tana zuba masa tuwo tare da 'ya'yanta, shekara da shekaru. Duk sanda aka ambaci tsohon sai abokina ya ce, "Malam, wannan alherin ban san ta inda zan fara rama shi ba."

Matar ta rasu, jikin tsohon kuma ya ƙi, sai ya yanke shawarar komawa garinsu wajen 'yarsa. Dab da tafiyar ya kawo kaset ɗin walimar da aka yi wa marigayiyar ranar da ta dawo daga Makka, ya ce a mayar masa faifai, domin a can na'urar faifai kawai suke da ita. Kaset ɗin ya yi fumfuna. Da lallami aka kwashe shi cikin kwamfuta, ana gamawa zarensa ya tsinke.

Abokina ya zuba duk iyawarsa. Ya yi wa faifan shafin farko, abin da suke kira menu, wanda ake zaɓar inda za a kalla da rimot. Ya sa fuskar Hajiya tana murmushi tana gyara mayafi, da furanni kewaye da ita. Hoton yakan yi ɗan motsi ya koma farko, haka zai yi ta yi har sai an danna.

Jajibirin tafiya tsohon bai iso ba sai da la'asar ta yi sakaliya, ya tsaya sallama da abokan kasuwa. Ranar kuwa unguwarmu ce za a ɗauke wa wuta da magariba har wayewar gari, motar da zai hau kuma kafin asuba za ta tashi. Aka sa masa faifan. Abokina ya fita sallamar wani, ni ina neman abin rubutu.

Da na juyo sai na ga tsohon ya matso gaban talabijin. Hajiya ta yi murmushi, ta gyara mayafi, ta sake yi, ta sake yi. Rimot yana kan benci, bai ko dube shi ba.

"Ashe wannan ne ya rage," in ji shi a hankali. "To, alhamdulillahi. Muryar ce dai na so in ji."

Abokina yana bakin ƙofa, ya ji. Ya ce, "Baba, tana nan duka, dannawa kawai za ka yi."

"Ɗana, rimot ɗin gidan 'yata jikoki sun daɗe da cinye shi. Ni wuƙa na iya riƙewa."

Abokina ya dubi agogon bango, sannan ya zauna. Ya cire shafin gaba ɗaya, da furanninsa, ya tsara faifan yadda da an saka shi zai fara da kansa. Ya ture fayafayan banza masu arha da ake sarowa a kasuwar Circle, ya ɗauko mai kyau daga cikin akwati. Ya rufe duk wani abu da ke buɗe a kwamfutar, ya shirya zuba walimar a sabon faifan, abin da suke kira ƙonawa.

Na ce, "Sa shi ya yi sauri mana, rana tana faɗuwa."

"In na ƙona shi da gudu, a nan zai yi, can tsohuwar na'ura ta ƙi shi. A hankali za a yi. Kuma Malam, ɗauke gwiwarka daga teburin nan."

Na ɗauke. Layin da ke nuna aikin ya fara rarrafe. Na ciro carbi. Mai askin da ke kusa da mu ya leƙo ya ce janaretonsa ya mutu, kada mu sa rai. Ƙwan fitila ya yi ja sau ɗaya, ya dawo. A waje 'yan trotro, motocin haya, suna ta kiran fasinja, na jiyo ladan yana gwada lasifika.

Faifan ya fito da ɗuminsa. Abokina bai yarda da kwamfuta ba, ya saka shi a wata tsohuwar na'ura da yake ajiyewa don gwaji. Ta yi ƙugi, ta yi shiru, ta daɗe. Sai ga muryar Hajiya ta cika shagon, tana faɗa wa wata yarinya ta kai wa baƙi zamzam kada ta zubar.

Tsohon ya ɗaga hannu yana so a bar shi. Abokina ya ce, "Yi haƙuri Baba, in wuta ta tafi yana ciki, sai gobe." Ya danna, bakin na'urar ya buɗe, yana ɗaukar faifan Nima ta yi duhu.

A bakin ƙofa, da sauran hasken yamma, na rubuta a kai. Da alƙalamin maka mai laushin baki nake yi, ba da biro ba, kuma ba ma manna takarda don tana sa faifai rawa a cikin na'ura. Tsohon ya bi rubutun da yatsa, ya karanta, ya sa a aljihun ƙirjinsa.

Abokina ya durƙusa. "Baba, ɗakin nan da tuwon nan..."

"Ita ta dafa, ba ni ba," in ji tsohon. Ya dafa aljihunsa. "Ga shi ka biya ta. Tashi ka riƙe ni mu je masallaci, ba na gani sosai."