Dokar da Arzika Ya Kafa wa Dara

Arzika mai albasa yana cikin waɗanda suka fara komawa Enugu bayan yaƙin basasa. Ya tarar da wani a rumfarsa ta kasuwar Ogbete, bai yi rigima ba, ya nemi wata. Mutum ne mai haƙuri a ciniki. Amma in aka haƙa gurabun dara a ƙasa bayan la'asar, sai ya zama wani daban.

Doki ne abin da ya tsana. Wato mutum ya jera 'ya'yansa yadda zai riƙa kai ɗa guda gaba yana dawo da shi, kowane motsi ya haɗa uku, ya cinye na abokin wasa. Wanda aka yi wa doki ba shi da abin yi sai kallo. Muntaka mahauci kuwa, abokinsa tun kafin yaƙi, ba ya neman komai a dara sai doki.

"Wannan ba wasa ba ne, yanka ne," in ji Arzika wata rana, yana huci. "Ni na zauna an ɗaure ni, kai kana ta fiɗa?"

"To ka hana ni mana, Malam Arzika," Muntaka ya ce, ya ɗauke masa wani ɗan.

Sai Arzika ya kafa doka: ɗan da ya ci, ba zai koma gurbin da ya baro ba sai wani ɗan ya motsa. Doki ya mutu. Amma wasan ya lalace ta wata hanya, kowa ya maƙale a gefensa yana jiran ɗaya ya yi kuskure, har a kira magariba ba wanda ya ci. Masu kallo suka fara hamma.

Ya daɗe yana juya abin a ransa, yana gwadawa shi kaɗai da tsinke da tsakuwa, masu saye na tsaye yana ba su amsa sama-sama. Matarsa Hajo ta ce albasa na ruɓewa a buhu shi yana fama da ƙasa. Daga ƙarshe ya ƙara doka ta biyu: wanda ya ja da baya sau biyu a jere, abokin wasansa zai zaɓar masa ɗan da zai motsa. Yanzu ɓuya ma tana da haɗari.

Muntaka ya saurara, ya kwashe da dariya a gaban jama'a. "Kullum aka cinye ka sai ka zo da sabuwar doka. Gobe za ka ce mahauci ba ya wasa ranar Talata."

Arzika ya miƙe tsaye. Ya sa ƙafa ya share gurabun.

"Ni kake kira macuci? Ina gyara wasan ne don kai ma ka yi tunani, ka daina kai hannu kamar inji!"

Suka daina gaisawa. Lokacin kuɗin man fetur ya shigo, kasuwa ta cika, 'yan kasuwa suka sayo ludo suna karkaɗa ƙwaya a gwangwani. Wannan ya fi ƙona wa Arzika rai. In an gayyace shi sai ya tofar da yawu ya ce shi ba ya wasan da akuya ma za ta iya ci in ta yi sa'a. Kusan shekara guda yana haƙa gurabu yana zama shi kaɗai.

Wata Juma'a Muntaka ya zo, bai ba da haƙuri ba, ya tsuguna ya kwashi tsakuwa.

"Maimaita min dokokin nan naka."

Suka yi wasa mai zafi, har 'yan ludo suka bar ƙwayarsu suka zagaye su. Muntaka ya matsa masa har ya ja da baya sau biyu, ya zaɓar masa ɗan da ya rushe masa jeri, ya cinye shi tas.

Arzika ya zage shi, ya zagi mahauta gaba ɗaya, ya tashi ba sallama. Washegari ya dawo ya haƙa gurabu. Dokar kuwa bai taɓa ta ba, kuma da ita ake wasa a wannan lungu na Ogbete har ya tsufa ya koma gida.