Alewa Uku a Gefen Mayafi

Na fi shekara ashirin ina yin jere a Madabo. Idan za a kai amarya, ni ake kira in shirya ɗakinta. In goge kwalla da samira, in ɗora su babba a ƙasa ƙarama a sama, in daidaita labule, in sa turaren wuta. Ban wuce aji shida na firamare ba, amma tun daga bakin ƙofa idona yake gane kwanon da ya karkace. Sau da yawa ina hanyar gida nake juyawa in koma, don na kasa tuna ko murfin can sama ya zauna daidai.

Wata tsohuwa ce a lungunmu ta koya mini aikin, kowa Iya yake ce mata. Bayan na fita takabar mijina ta fara jana zuwa gidajen biki ina riƙe mata tsumma. Ita ta koya mini rabon alewa ma. A cikin gari ba a aika wa mace takarda. Alewa da cingam ake ɗauka a bi gida gida, a yi sallama, a ce wance tana gayyatarku bikin 'yarta. Wadda aka ba alewa an gayyace ta ke nan, da ita da 'ya'yanta da baƙuwar da ta sauka a ɗakinta.

Sai abin ya canja a hankali. Amare suka daina son kwalla. Masu sayar da gado su suke zuwa su kafa kayansu su tafi. Kamu ya tashi daga tsakar gida ya koma hol, kuma aka sami 'yan mata masu tsara biki tun daga farko har ƙarshe, ana ce musu filana. Damina guda ta wuce ba wanda ya aiko kirana. Kullum da safe nakan goge kwanukan ɗakina, in sake jera su, don kada hannuna ya manta.

A haka wata Hajiya ta tuna da ni. A lungunmu aka haife ta, aure ya fitar da ita can bayan Ƙofar Nassarawa, yanzu za ta aurar da 'yarta ta fari. Ta haɗa ni da filanar da ta ɗauka, yarinya ce sa'ar 'yata, wayoyi biyu a hannunta. Yarinyar ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mama, in kin yi abin da na ce, zan riƙa kiranki duk sati. In kin kawo mini irin na da, yau ɗaya ce." Na ce to. Ba ni da wata ƙofar sai wannan.

Hajiya ta ba ni jakar alewa ta ce, "Ki sanar da mutanen lungu." Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, bakina yana faɗin abin da ya saba faɗa. Iya tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa na shiga. Na durƙusa na ce, "Iya, Hajiya tana gayyatarki bikin 'yarta." Ta yi murmushi har dasashi ya fito. Ba ta da haƙorin tauna alewa, sai ta ɗauki uku ta ƙulle a gefen mayafi. Ta ce, "Ni na yi wa uwar amaryar jere. Kabad ɗin ma a karkace yake, da tubali na tokare shi."

Saura kwana biyu kamu na ga filana tana lissafa wasu katuna masu ruwan gwal. Na tambaya, ta ce na shiga hol ne, ba kati ba shiga. Na sami Hajiya ana yi mata lalle na ce, "Hajiya, mutanen lungu fa ba a ba su kati ba."

"Na ce ki sanar. Na ce ki gayyata?"

"Ai duk ɗaya ne, Hajiya."

"A da ke nan," in ji ta, ta miƙa wa mai lalle ɗaya ƙafar.

Abin da ya kamata in yi na sani. In koma gidajen nan in ce na yi kuskuren baki. Sau biyu ina zuwa zauren Iya, in tsaya, in ji motsinta a ciki, in juya. Na riƙa gaya wa kaina wurin da nisa, ƙafarta ba lafiya, wataƙila a yi ruwa. Har addu'a na yi a yi ruwa.

Ba a yi ba. Ranar kamu bayan la'asar filana ta tsayar da ni a ƙofar hol tare da masu gadi biyu. Ta ce, "Mama, ke kika san fuskokin 'yan cikin gari. Duk wadda ba ta da kati, ko ta ce ita ta yanke wa amarya cibiya, kada ta wuce. Kujeruna a ƙayyade suke, kuma ana ɗaukar hoto."

Adaidaita biyu suka tsaya. Mata bakwai suka sauko, duk na san tsakar gidajensu. Iya ce a gaba, ta sa leshin da take ajiya don Sallah, tana rungume da ƙaramar kwalla cike da alkaki.

Mai gadi ya tare hanya ya ce, "Hajiya, kati."

"Wane kati? Asibiti ne?"

"Katin shiga."

Iya ta miƙa wa maƙwabciyarta kwallar, ta kwance gefen mayafinta a hankali. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta daɗe. Ta buɗe tafin hannu, alewa uku, takardarsu ta yamutse. Ta ce, "Ga nawa."

Mai gadin ya dubi ɗan'uwansa ya ce, "Wannan na zamanin Turawa ne, ya daina aiki." 'Yan mata masu anko da suke wucewa suka tsaya suna dariya, ɗaya ta ɗaga waya tana ɗauka.

A lokacin Iya ta hango ni. Na ga fuskarta ta saki. Ta ce, "Yauwa, ga 'yata nan. Zo ki gaya wa yaran nan."

Kafin in motsa na ji ƙamshin turaren filana a bayana. Ta ce, "Mama, kin san su?"

"Na san su. Sanarwa aka kai musu."

Iya ta ce, "Gayyata kika ce."

Da na ce ni na yi kuskure, da duk da haka za a hana su shiga, ni kuma a sallame ni. Wannan lissafin na yi a tsaye, kuma na yi shi da sauri. Na ce, "Iya, ba ki ji da kyau ba ne. Kin san kunne idan girma ya zo."

Matan nan shida kowacce ta ji kalmar daga bakina a ɗakinta. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Ashe lungunmu duk kurame ne."

Filana ta ce a kawo musu shinkafa a roba su tafi da ita, alkakin kuma ba a shiga da abincin waje. Ta ƙara da cewa su matsa daga gaban furannin da aka ƙawata ƙofa da su, motar amarya ta kusa. Iya ba ta karɓi robar ba. Ta kama hannuna, ta zuba alewar a ciki, ta naɗe yatsuna a kai ɗaya bayan ɗaya, yadda ta yi ranar da ta fara nuna mini riƙon tsumma. Ta ce, "Mayar wa mai ita."

Suka tsaya a bakin titi suna jiran abin hawa. Motar amarya ta wuce ta gabansu, ta Hajiya tana biye. Hajiya tana kallon wayarta.

Filana ta cika alkawari. Ta ce ba ta taɓa samun mai ƙofa irina ba, don masu gadi kati kawai suke gani, ni kuwa tun daga ɗaurin ɗankwali nake gane wadda ta zo da alewa. Yanzu har ƙawayenta suna arona. Na iya aikin. Nakan tare mace tun kafin ta gama saukowa daga adaidaita, don kada abin ya kai gaban furanni.

Bayan sati guda na shiga wurin Iya. Na durƙusa a inda na durƙusa ranar alewa, na ce, "Iya, ƙarya na yi miki. Gayyata na ce. Ki yafe mini."

Ta sa hannu a bayan kunne ta ce, "Me kika ce?"

Na maimaita da ƙarfi.

"Yi haƙuri, 'yar nan. Kin san ba na ji da kyau."

Tana rufe baki surukarta ta yi magana ƙasa ƙasa daga madafa, tana tambayar ko a sa daddawa a miya. Iya ta ce, "Sa kaɗan."

Na koma da azumi, na koma ranar Sallah. Na taɓa tafiya da matar limamin unguwa don ta sa baki. Iya ta gaisa da ita, suka yi hirar ciwon gwiwa da tsadar gero, ta ji komai. Da na buɗe baki sai ta juya wajen matar liman ta ce, "Malama, wannan magana take yi? Ina ganin bakinta yana motsi."

Alewar tana cikin samirar da ke saman jerena. Ta narke ta manne da takarda. Gidan Iya yana kan hanyata ta fita titi, duk Asabar ta gabansa nake wucewa idan zan tafi hol. Nakan tsaya a zaure in yi sallama. Surukarta ce take amsawa.