Takalman Saja

A shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, ina aikin duba makarantu a ofishin ilimi na Gusau. Azuzuwa suka yi yawa, malamai suka yi ƙaranci. Sai aka ce a ɗauki sojojin da aka sallama bayan yaƙin basasa, waɗanda suka iya karatu da rubutu, a yi musu ɗan kwas a tura su ƙauyuka. Ni aka ɗora wa kai su da gabatar da su ga masu gari. Ban so aikin ba. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, su kuma ba su saba karɓar umarni daga farar hula ba.

Cikinsu akwai wani dogo, mutumin Tsafe, muna ce masa Saja. Ya fi kowa mai da hankali a kwas, don ya bar mata da 'ya'ya a gida ba abin yi. Yana ɗan ɗingishi, kuma rani da damina ba ka ganinsa sai cikin manyan takalman nan na soja, a goge tas. Aka ba shi wani ƙauye a bayan duwatsun Kwatarkwashi, a ƙasar Bungudu. Sharaɗin ofis a fili yake: in zango ya ƙare ba yara a aji, a rufe makaranta, malami ya kama gabansa.

Na goya shi a babur muka je gaida mai gari. A ƙofar zaure na tuɓe takalmina, na shiga na durƙusa. Ina cikin gaisuwa sai na ji takun Saja a bayana. Ya shigo da takalmansa har kan tabarma, ya ƙame, ya sara wa mai gari kamar yana gaban kwamanda. Mai gari bai dubi fuskarsa ba, takalman ya duba.

"Madalla," in ji shi. "Mun gani."

A hanya na yi wa Saja faɗa, ya ce ai babu girmamawar da ya sani da ta wuce wannan. Na ce kai da aka haifa a Tsafe?

Da na koma duba shi, awaki na tarar a inuwar ajin. Ya share ko'ina, ya rubuta kwanan wata a allo, yana zaune shi kaɗai. Na zaga gari na ji dalili. Mutane sun ce wanda ya taka tabarmar mai gari da takalmi, wane ladabi zai koya wa 'ya'yansu? Ga shi ko masallaci ba ya zuwa, a ɗaki yake sallarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dawo na ce masa girman kai zai raba shi da abincinsa.

Ya ja ni ɗakinsa, ya tura ƙofa, ya kwance igiyar takalmin hagu. Tsumma ne cushe a gaban takalmin. Ƙafar kuwa daga tsakiya ta ƙare, babu yatsa ko ɗaya.

"Nakiya nit taka wurin yaƙi," ya ce. "Ko uwar ɗiyana ba ta cika ganin ta ba. In yara sunka gani, ni da suna Gurgu har in mutu."

Tausayinsa ya kama ni. Na ce bari in je in yi wa mai gari bayani a keɓe. Ya ƙi, wai ba za a yi masa bara ba. Sai na gaya masa gaskiya: zango ya kusa ƙarewa, kuma abin da idona ya gani shi zan faɗa wa ofis. Na ce zan dawo ranar Juma'a.

Ran Juma'a na same shi a bakin hanya yana jira na, ya sa farar taguwa. Muka nufi zaure, ga shi cike da dattawa, yara kuma sun biyo mu kallo. Saja ya zauna a dakalin ƙofa, a gaban kowa, ya kwance igiyoyin nan a hankali. Ya zaro tsumman ya ninke, ya ajiye takalman kusa da na sauran mutane. Ya dafa bango ya shiga, ya durƙusa da ƙyar.

"Ranka shi daɗe, na zo gaisuwa."

Mai gari ya daɗe yana kallon ƙafar. Wani tsoho ya yi salati a hankali.

"Ina kab baro ta?"

"Wurin yaƙi, ranka shi daɗe."

"Malam," in ji mai gari, kuma ranar na fara jin an kira shi haka a garin, "daga yau kai kaɗai na yarje ma ka shigo zauren ga da takalmi."

Ranar Litinin aji ya cika, har wasu na zaune a ƙasa. Yaran sun sa masa sunan da yake tsoro, a bayan idonsa, kuma ya sani. Na yi shekaru ina zuwa garin nan duba makaranta, muna shiga gaida mai gari tare. Ban taɓa ganin ya yi amfani da iznin da aka ba shi ba. Kullum sai ya zauna a dakalin nan ya kwance igiya, ni kuma in tsaya in jira shi.