Matar da ta riƙe wa Remi fitila

Godelieve Maertens, wadda ake kira Lieve, 'yar masunta ce ta garin Oostende na bakin teku. Ta tashi tana taya uwarta ɓare jatan lande a kan teburin kicin, kuma da an bar ta, shagon kifi za ta nufa kamar yayyenta. Sai ta auri Remi Vandaele, mai ɗan shagon hoto a bayan kasuwa, mutum mai dogon wuya da gajeren haƙuri. Asabar ɗin farko bayan aurensu, mutumin da ke riƙe masa fitila ya kwana da giya bai fito ba. Remi ya miƙa mata sandar fitilar ya ce, "Riƙe nan, Lieve. Yau kaɗai." Tun daga ranar ba a sake neman mutumin ba.

Fitilar irin wadda ke walƙawa ce a daidai lokacin da aka danna kyamara. Remi ba ya yarda a ɗora ta a kan kyamara, ya ce tana mayar da fuskar amarya kamar faranti. A gefe yake son ta, a kan sanda, kuma a wancan zamani doguwar waya ce ke haɗa ta da kyamara. Iyakar wayar, iyakar tafiyar Lieve. Surukai su yi tuntuɓe da ita a ƙofar coci, yara su tsallaka ta da gangan, in Remi yana son matarsa ta matso sai ya fizgi wayar kamar mai jan kare.

"Hagu, Lieve. Hagunki, ba nawa ba. Ɗaga sama. Wai hannun nan naki na taliya ne?"

"Ka ɗauke ta tun safe mu ga naka na mene ne."

Haka suka yi shekaru, har suka haifi ɗansu Dries, ya girma a cikin shagon. Ba za a ce ba sa son juna ba. Amma kullum in sun dawo gida kafaɗarta na zugi, shi kuma yana lissafa mata wuraren da ta tsaya ba daidai ba.

Wata shekara Remi ya dawo daga baje kolin kayan hoto a Jamus da wasu 'yan na'urori biyu, kowacce kamar akwatin ashana. Ya maƙala ɗaya a kan kyamara, ɗayar a gindin fitila.

"Wannan ita ke aikawa, wannan ita ke karɓa," in ji shi. "Kamar rediyo. In na danna nan, taki ta ji, fitila ta kama. An gama da waya."

Ba ta yarda ba sai da suka je bakin teku gwaji. Ya ce ta yi ta tafiya har sai abin ya daina aiki. Ta bi rairayi tana tafiya, fitila na walƙawa a bisa kanta, har ta kai inda in ta waiwaya sai ta hango bakinsa yana motsi amma iska ta kwashe maganar. Fitila ta sake walƙawa. Lieve ta tsaya ita kaɗai tana dariya.

Daga nan aikin ya sauya. Tunda ba ta jin umarninsa daga nesa, sai ta fara tsayawa inda idonta ya ba ta. Ta zagaya bayan amarya da ango don haske ya bi gefen mayafi. Ta hau tudun rairayi. Ta sa dogayen takalman roba na mahaifinta ta shiga ruwa har gwiwa, a watannin da masunta ma ke ƙorafin sanyi. Da farko Remi ya yi ta faɗa, da ya wanke hotunan ya gani sai ya yi shiru, kuma a wurinsa shirun nan yabo ne.

Waɗannan su ne shekarunta masu daɗi. Wata rana a ƙofar ofishin magajin gari aka ɗaura aure biyu a jere, fitilarta ta kama walƙiya ba ƙaƙƙautawa alhali Remi ko taɓa kyamara bai yi ba. Ashe mai hoton ɗaya auren na'urarsa na kan tasha ɗaya da tasu. Lieve ta leƙa ta ce masa, "Maƙwabci, in fitilata kake so sai ka nemi izinin mijina." Aka yi ta dariya har da amaren, Remi ma ya murmusa.

Mutane suka fara zuwa daga garuruwan Brugge da Gent don a yi musu hoto da abin da suke kira hasken Vandaele. Wani ɗan jarida ya zo shago ya tambayi Remi sirrin abin. Lieve na zuba musu kofi. Remi ya ɗauko 'yar na'urar karɓa ya ɗaga ta tsakanin yatsu biyu.

"Ga sirrin nan," in ji shi. "Wannan 'yar aba ce ta ba ni damar ajiye haske duk inda na ga dama."

Da baƙon ya tafi ta ce, "Ita ce ta shiga ruwa har gwiwa?"

"Haba, Lieve, maganar jarida ce. Kowa ya san ki."

Da labarin ya fito, akwai hoton Remi, akwai na na'urar. Ta ninke jaridar ta shimfiɗa ta ɓare dankali a kai.

Remi ya rasu wata safiya a cikin shago, zuciyarsa ce ta tsaya yana goge gilashin kyamara. Dries ya gaji aikin. Ba mugun ɗa ba ne, shi ke kai ta asibiti, shi ke gyara mata famfo. Amma ya sayo sababbin na'urori da ake ƙara wa fitila ƙarfi ko a rage daga jikin kyamara, ya sayo sandunan ƙarfe masu ƙafa uku, da buhunan yashi na danne su. Asabar ɗin farko ta saka rigar aikinta ta sauko daga gidansu da ke saman shagon, ta tarar ya gama loda mota.

"Mama, kin yi iyakar yinki. Ki huta wa kafaɗar nan."

"Kafaɗata ta kawo maka ƙara ne?"

"Ba haka ba ne. Yanzu komai daga hannuna nake juya shi. Sai in kafa fitila in bar ta."

"Ƙafa ukun ta san inda amarya za ta juya fuska?"

"Abin da bai yi ba ana gyara shi a kwamfuta, Mama."

Ya sumbace ta a goshi ya tafi. Ya ba ta zaman teburin karɓar baƙi, ta zauna har mutane suka daina shigowa don kowa ta waya yake kama rana. Daga baya ya fitar da teburin ya sa kujerun jira. Ta koma sama da zama, tana jin motarsa in ta fita da in ta dawo.

Sai ga auren Fien, 'yar Dries, jikar da ta tashi a hannun Lieve. Lieve ta sayi shuɗiyar riga, ta je aka gyara mata gashi. Bayan coci aka sauka bakin teku don hoton dangi. Dries ya kafa kyamara a kan ƙafa uku, da 'yar na'ura a aljihunsa da zai danna ta daga nesa don shi ma ya shiga hoton. Ya kafa fitila a gefe. Iska ce ranar mai ƙarfi, kuma cikin hidimar biki ya manta buhunan yashi a shago. Fitila ta kife, aka tayar, ta sake kifewa. Ya duba jama'a, idonsa ya sauka kan uwarsa da ke tsaye kusa da amarya.

"Mama, taimake ni. Riƙe min sandar kawai. Kada ki motsa ta, na riga na saita."

Fien ta ce, "Baba, Kaka fa? Ba za ta shiga ba?"

"Za mu sake wani da ita yanzun nan."

Lieve ta fita daga layi, takalmin bikinta na nutsewa cikin rairayi. Ta kama sandar. Tana kamawa ta ga fitilar ta yi sama da yawa, za ta jefa wa Fien inuwa a ƙarƙashin ido, kuma da ta ja ta taku biyu baya da an gama. Ba ta ja ba. Ta tsaya yadda aka ce mata. Dries ya ruga ya tsaya gefen matarsa, ya sa hannu a aljihu, fitila ta walƙa a bisa kanta. Kafin a sake jeri ruwan sama ya sauko, kowa ya kwasa da gudu zuwa gidan cin abinci. Ba wanda ya sake tayar da maganar hoto.

Bayan wasu makonni Dries ya hawo sama da hoton a cikin firam, yana murmushi. Ga ta a ciki, tsaye kusa da Fien. Ya yanko ta daga wani hoto ya dasa, ya rina rigar shuɗi. Ta daɗe tana dubawa. Ta gane inda ya samo ta: ranar jana'izar Remi ce, a ƙofar coci. Haske na faɗo wa kowa daga hagu, ita kaɗai daga dama.

"Hasken bai zo ɗaya ba," ta ce.

"Ba wanda zai lura sai ke, Mama."

"Na sani."

Ta rataye shi a lungun shiga ɗaki, saboda Fien na kawo mata ziyara kuma ba ta son yarinyar ta tambaya. Shekara na zagayowa ta bar saman shagon, ta kama ɗan gida a unguwar Mariakerke kusa da ƙanwarta. Kafaɗar dama ba ta ɗaguwa yanzu, da hagu take tsefe kai. Ranar Asabar takan je karta da tsofaffin matan unguwa. Wata sabuwa a cikinsu ta taɓa tambayarta aikin da ta yi a da.

"Mijina mai hoto ne," in ji Lieve, ta raba karta.